Gwajin magani a kan ɗan shekara uku

Jama'a, na san duk Bakanon da ya ji an ce "gwajin magani a kan yara" sai gabansa ya faɗi. Ba mu manta 1996 ba, lokacin sanƙarau, da Pfizer ta gwada Trovan a Kano. Yara 200 aka saka a gwajin, 11 suka rasu, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayani ba. Duk da haka, ni ina ganin akwai gwajin da rashin yinsa ya fi yinsa hatsari.

Ga misali daga Amurka. Akwai lalurar da likitoci ke kira ADHD, wato yaro ya kasa nutsuwa, ya kasa zama wuri ɗaya, ƙiriniyar ta wuce ta yarinta. Ritalin da ake ba su, hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da shi ne daga shekara shida zuwa sama. Amma fa likitoci na ta rubuta wa 'yan shekara uku da huɗu, ba tare da an tabbatar da abin da yake musu ba. Wannan ai shi ma gwaji ne, sai dai ba mai lissafi.

Sai gwamnatinsu ta ɗauki nauyin bincike a kan yara 303, 'yan shekara uku zuwa biyar da rabi, aka fitar da sakamako a 2006. Abin da ya burge ni, kafin a ba yaro ko ƙwaya ɗaya, sai da iyaye suka yi sati goma ana koya musu yadda za su bi da shi. Wanda ya samu sauƙi daga nan, shi ke nan, ba magani.

Sauran aka ba su kaɗan-kaɗan. Maganin ya yi aiki, amma bai kai yadda yake yi wa 'yan firamare ba. Kusan yaro ɗaya cikin goma dole aka dakatar masa: ga rashin barci, ga ƙin abinci, ga yawan kuka da fushi. Tsawo da nauyi ma sun ɗan ja baya.

To da ba a gwada ba, wa zai san wannan? Shi ya sa tun 2011 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce ɗan shekara huɗu ko biyar a fara da horar da iyayensa, magani sai in abin ya faskara.

Bambancinsa da na Kano a fili yake: an tambayi iyaye, an gaya musu illar, kuma duk ranar da suka ga dama suna iya janye ɗansu.