Tukunya, ƙaya da allon ƙarfe: me muke kafawa a kan kaburburanmu?

Duk wanda ya raka gawa maƙabarta a nan Matameye cikin ƴan shekarun nan ya ga abin da muka gani. Da can in an rufe mutum, sai a tara ƙasa, a yayyafa ruwa, a kifa fasasshiyar tukunya ko a kafa guntun itace wajen kai, a jawo ƙaya a lulluɓe, a yi addu'a a watse. Yanzu allunan ƙarfe ne ke ta tsirowa: suna, ranar rasuwa, jinjirin wata da tauraro a sama, wani har da aya. Gardama kuma ta tashi a majalisu, wannan ya ce bidi'a, wancan ya ce girmama iyaye ne.

Mu fara da alamomin iyayenmu, don su ma magana suke yi ga wanda ya iya karatunsu. Dubi yadda kushewa take kwance, daga kudu zuwa arewa. Kan mamaci na kudu, yana kan gefensa na dama, fuskarsa na duban alƙibla. Tsawon tudun ya gaya maka babba ne ko yaro. Ƙayar, tsaro ce daga karnuka da dabbobi, a da ma har da kura. Tukunya kuwa an zaɓe ta ne don gara ba ta cin ta, ruwa ba ya narkar da ita, ɓarawo ba ya son ta. Ba ta faɗin sunan kowa. Abu ɗaya take cewa: akwai mutum a nan, kada ka taka, kada ka haƙa.

To, jinjirin wata da tauraro fa? Da yawanmu mun ɗauka tun zamanin Manzon Allah (SAW) ake sa shi. Ba haka ba ne. Tutar daular Usmaniyya ta Turkiyya ce ta baza shi a duniya har ya zama tambarin Musulmi. Inda ya yi aiki sosai a kan kabari shi ne wurin da aka binne mutane masu addini daban-daban. A Yaƙin Duniya na Farko, 1914 zuwa 1918, Faransa ta kwashi sojoji daga ƙasashen da ta mallaka a Afirka, da yawa ba su dawo ba. A maƙabartar soja ta Douaumont, kusa da Verdun, akwai kaburburan Musulmi 592 masu duban Makka, an yi musu duwatsu masu wata da tauraro da rubutun Larabci, kusa da dubban gicciye na Kiristoci. Can, alamar tana raba wannan da wancan. Haka gicciyen da ke maƙabartar Turawa ta Damagaram yake gaya wa mai wucewa su wane ne ke kwance. Amma a maƙabartar da kowa Musulmi ne, kowa fuskarsa gabas, wa muke sanar wa da jinjirin wata? Ado ne kawai, kuma mai walda ya caje ka kuɗinsa.

Abin da ya fi ado damunmu shi ne laƙabi. Alhaji wane, Hajiya wance, tsohon shugaban kaza. An yi wa mutum wanka iri ɗaya da na kowa, an sa shi a likkafani iri ɗaya, sannan mu masu rai mu zo mu maido masa da muƙamin da ya bari a gida. Sai kuma ayar Alƙur'ani a kan ƙarfen da damina biyu ke kayarwa, ya yi tsatsa a ƙasa, awaki na bi ta kai. Wannan kam ko masu son allon ba su da amsarsa.

Malamanmu na Malikiyya ba su bar mu a duhu ba. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta karhanta gini a kan kabari da shafe shi da farar ƙasa. Muhtasar na Shehu Halilu ya halatta a sa dutse ko itace don a gane kabari, amma ba tare da zane ba. Akwai kuma ruwayar Abu Dawuda cewa da aka binne Usman ɗan Maz'un a Madina, Annabi (SAW) da kansa ya ɗauko dutse ya ajiye wajen kansa, don ya riƙa gane kabarin ɗan uwansa, ya kuma binne iyalansa kusa da shi. Ke nan sa alama ba laifi ba ne. Ana magana ne a kan rubutu, da gini, da alfahari.

Sai dai mu faɗi gaskiya, masu kafa allon ba duka ne masu alfahari ba. Mun san ƙasarmu ta Kance. Mutum na Kano, ko Agadas, ko Tamanraset wajen neman abinci, a bugo masa waya a ce tsoho ya cika, kafin ya iso an yi sadakar bakwai. Bara mun raka wani abokinmu da ya dawo daga Aljeriya ziyarar kabarin mahaifiyarsa. Mu huɗu ne muka halarci jana'izar, amma kowa ya nuna wuri daban. Ruwa ya shafe tudun, ƙayar ta ruɓe, tukunyar ta gangara. Ƙarshe tsayawa ya yi a tsakiya ya yi addu'a ga kowa da kowa. Addu'a ta isa, in sha Allahu, amma mun ga fuskarsa. Wanda ya ga irin wannan ba zai yi saurin zagin mai allo ba.

Kuma ɓatan kabari ba baƙin cikin dangi kaɗai ba ne. Masu haƙa sun sani, akwai ranar da diga ke faɗawa kan itacen wani tsohon kabari, a yi salati a maida ƙasa a matsa gaba. Gari na faɗaɗa, filaye na tsada, inda babu alama babu shinge yau hanyar amalanke ce, gobe wani ya aza tubali. Shi ma allon ƙarfen ba ya hana wannan, don inda masu sayen tsohon ƙarfe suka yi yawa, ba ya daɗewa a tsaye.

Ga abin da muke gani. A bar wata da tauraro, a bar laƙabi, a bar aya a cikin Alƙur'ani. A kafa dutse ko ɗan bulon siminti wajen kai, mai lamba kawai, a buɗe littafi a hannun limamin unguwa, kwafinsa a ofishin magajin gari: lamba kaza, wane ɗan wane, rana kaza. Mai kuɗi da talaka bulo iri ɗaya. Wani zai ce ai lamba ma rubutu ce. Haka ne, shi ya sa muke roƙon malaman Izala da na ɗariƙa su zauna wuri ɗaya su ba mu fatawa a kan wannan kaɗai, ba a kan lasifika ba.

Kafin su zauna, akwai aikin da ba ya jiran fatawa. Kuɗin allo goma ya sayi buhunan siminti na fara shinge. Kuma kafin ruwan farko ya sauka, samarin kowace fada za su iya ware safiya ɗaya, su ɗauki shebur da baro, su ciccike kaburburan da suka rufta, tare da dattawan da har yanzu suke tuna wa ke kwance a ina.