Kulob ɗin Mwamba na Nairobi: darasi ga ƴan kasuwarmu masu taimakon wasanni

Yau zan ɗauke ku zuwa Nairobi, babban birnin Kenya, mu duba tarihin wani kulob na ƙwallon zari-ruga, don a cikin labarinsa akwai abin da ya shafe mu.

Ga wanda bai san wasan ba, ƙwallon nan mai siffar ƙwai ce, ana rungumarta a sheƙa da gudu, abokan hamayya suna kokawar kayar da mai ita. Mutum 15 ne kowane ɓangare, akwai kuma na mutum 7. Turawan Ingila ne suka kai shi Kenya, suka kafa kulob-kulob nasu irin su Nondescripts a 1923. Ko bayan samun ƴancin kai a 1963, wasan ya daɗe yana hannun Turawa da ƴaƴan manyan makarantu.

A 1977 wasu samari baƙaƙen fata suka haɗa kai suka kafa nasu kulob, suka raɗa masa suna Mwamba, wato dutse da harshen Suwahili. Ba su da kamfani a bayansu, ba sa karɓar albashi. Kowa na da aikinsa ko karatunsa, da yamma a haɗu a filin kulob ɗin ma'aikatan jirgin ƙasa a yi atisaye. Shekara 6 kacal bayan haka, a 1983, Mwamba ya ɗauki kofin Kenya, bayan Nondescripts ya riƙe shi shekara 5 a jere.

Amfanin kulob ya fi fitowa ga yaran da ya rena. Daga Mwamba ne aka samu wa da ƙane, Humphrey Kayange da Collins Injera. A 2016 Injera na cikin ƴan wasan Kenya da suka lallasa Fiji da ci 30 da 7 a Singafo, karo na farko da ƙasar ta ɗauki kofi a gasar duniya ta mutum 7. Ya ajiye wasa a 2023. Yayansa Kayange kuwa ya zama mamba a kwamitin Olamfik na duniya a 2021.

Sai dai akwai wurin da aka yi sake. Filin da Mwamba ya shafe shekaru yana wasa a kai ba nasa ba ne. A 2020 hukuma ta karɓi wurin don gina tashar motoci, kulob mai shekara 43 ya koma neman aron fili. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

To, Alhazai da Hajiyoyi, ga inda nake so mu tsaya. A gidan rediyon da nake aiki, duk lokacin kokawa ko gasar tamola ta hutu, sanarwar kyaututtukanku ce ke cika mana shiri: wane ya ba da jika ɗari, wane ya ba da babur, wance ta ba da turmin atamfa. Madalla, Allah ya saka da alheri. Amma mako guda bayan an tashi, ku je ku ga yaran nan. Babu mai horo, babu ƙwallo, filin ma an fara jibge masa bulo. Kuɗin da aka watsa a yini ɗaya da ya riƙe kulob na unguwa shekara guda.

Na san wani zai ce wannan aikin gwamnati ne, mu muna biyan haraji da kuɗin duwan. Gaskiya ne. Amma waɗanda suka kafa Mwamba ba su jira kowa ba, kuma ku ne kuka fi kowa sanin yadda ake tara ƙanƙani ya zama babba, tunda adashi a kasuwa aka san shi. Kuma idan samari suka rasa abin yi da yamma, ku ne na farko da abin ke taɓawa, ko a rumfa ko a gida.

Shawarata ita ce, kowace ƙungiyar ƴan kasuwa ta ɗauki kulob guda, na tamola ne, na kokawa ne, ko ma na zari-ruga idan akwai masu sha'awa. A sa kuɗin wata-wata da kowa zai iya, a naɗa ma'aji, a riƙa karanta lissafi gaban mambobi. Abu na farko da za a nema kafin riguna da kofi shi ne fili, a je ma'aikatar magajin gari a fito da takardarsa da sunan kulob, ba da sunan wani Alhaji ba, don kada magada su raba shi gobe.

Allah ya ba da kasuwa, ya shirya mana zuri'a.