Takarda Ba Kishiyar Amana Ba Ce

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a bakin 'yan kasuwar Arewa mazauna biranen Kudu, tun daga Sabo ta Badun har zuwa Agege da Mile 12 a Ikko, har Anaca da Fatakwal, watau wai takarda ta 'yan boko ce, shi ɗan kasuwa amana ta ishe shi. Masu wannan magana sukan ƙara da cewa wanda ya yi wa sana'arsa rajista ya kira wa kansa masu haraji ne kawai. Alal haƙiƙa wannan magana ta cinye dukiyar jama'a fiye da yadda ɓarayi suka ci, kuma lokaci ya yi da za a yi watsi da ita.

Ba wanda ke musun abin da amana ta gina. Tun zamanin Turawa, cinikin goro da na shanu tsakanin Arewa da Kurmi a kanta ya tsayu. Falke ya sauka gidan maigida, maigida ya nemo dillali, a ba mahauci shanu bashi, maigida ya tsaya masa lamuni, ba tare da an ɗiga tawada ko ɗaya ba. Amma fa a lokacin kowa ya san kowa a zango, kuma wanda ya ci amana ba ya sake samun wurin ciniki. Yau kuwa ɗan kasuwa yana hulɗa da banki, da mai shagon haya wanda ba ya jin Hausa, da ma'aikatan Ƙaramar Hukuma, da kotu, kuma ba ɗaya daga cikinsu da zai tambayi Sarkin Hausawa halin mutum kafin ya yanke hukunci. Abin da za su tambaya shi ne, ina takarda?

Mai cewa rubutu zargi ne ga ɗan'uwa, sai ya tuna cewa ayar da ta fi kowace tsawo cikin Alƙur'ani, watau ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu ta yi magana. Ashe ke nan rubuta ciniki ba baƙon abu ba ne da zai zama abin kunya tsakanin Musulmi biyu.

To, me doka ta ce? Da farko dai, Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya ikon zama a duk inda ya so cikin ƙasa a sashe na 41, ya hana nuna masa bambanci saboda ƙabila ko addini ko wurin haihuwa a sashe na 42, ya kuma ba shi ikon mallakar gida ko fili a ko'ina a sashe na 43. Saboda haka Bakano mai shago a Badun ba alfarma aka yi masa ba. Sai dai haƙƙin da mutum ba zai iya tabbatar da shi ba, daidai yake da wanda ba shi da shi.

Na biyu, rajista. Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, wadda aka sani da CAC, dokar 1990 ce ta kafa ta, aka kuma sabunta dokar a 2020. Mutumin da ke ciniki da ainihin sunansa, ba ƙari, doka ba ta tilasta masa rajista ba. Amma da zarar ya rataya allo mai wani suna dabam, ko ya ƙara wa sunansa wata kalma, to wajibi ne ya yi wa sunan rajista cikin kwana 28 da fara ciniki. Ana nema ta intanet, a fara tanadin suna, sannan a cika takardu. Bayan haka kowace shekara sai ya kai wa hukumar bayanin shekara kafin ƙarshen watan Yuni, in ba haka ba tara ta hau kansa. Nan ne da yawa ke tuntuɓe, su karɓi takardar shaida su jefa ta cikin akwati, sai ranar da banki ya nema su tarar da bashin shekaru.

Ya kamata kuma a rarrabe tsakanin rajistar suna da kafa kamfani. Mai rajistar suna, shi da sana'arsa abu guda ne a idon doka, in sana'a ta ci bashi ana iya bin gidansa da gonarsa ta can gida. Kamfani kuwa doka ta ɗauke shi tamkar mutum mai zaman kansa, bashinsa nasa ne, kuma ba ya mutuwa da mutuwar mai shi. Dokar 2020 ta yarda mutum ɗaya tal ya kafa kamfani, ta kuma sa mafi ƙarancin hannun jari N100,000. Wanda ke loda tirelar tumatir ko albasa ta miliyoyin Naira kowane mako, amma ya ce wannan ya yi masa tsada, lalle bai yi lissafi ba.

Na uku, haɗa jari. A ɗauki misalin mutum biyu 'yan gari ɗaya da suka haɗa kuɗi suka buɗe shagon hatsi a Agege, ɗaya ya kawo kashi biyu, ɗaya kashi ɗaya, ba rubutu. Shekara goma ana zaman lafiya. Ran nan Allah ya yi wa babban rasuwa, magada suka zo daga gida, wanda ke raye ya ce rabi da rabi ne, su kuma suka ce ba haka suka ji ba. Alkawarin baki yana da ƙarfi a kotu, gaskiya ne, amma wa zai tabbatar da shi bayan mai shi ya kwanta dama? Takarda guda mai bayyana jarin kowa, da rabon riba da hasara, da yadda za a yi in ɗaya ya fita ko ya rasu, da sa hannun shaidu, ita ce za ta tsare haƙƙin marayu, ta kuma tsare zumunci. Daɗin daɗawa, a irin wannan tarayya kowane ɗaya yana ɗauke da bashin da abokinsa ya ciwo da sunan sana'ar.

Na huɗu, haya. Dokar haya ta Jihar Legas ta 2011 ta wajabta wa mai gida ko mai shago ya ba da rasit, ta kuma tanadi cewa in ba a yi wata yarjejeniya dabam ba, mai biyan haya shekara-shekara sai an ba shi notis na wata 6, mai biya wata-wata kuma wata 1, sannan ba a fitar da shi da ƙarfi sai da umurnin kotu. Amma wanda ya miƙa kuɗin shekara ga wani dillali a bakin titi, bai karɓi ko guntun rasit ba, da me zai nuna shi ɗan haya ne? Haka nan ranar da masifa ta auku, kamar yadda aka ƙone shaguna a kasuwar Shasha ta Badun cikin Fabrairun 2021, wanda ke da rasit da littafin kaya shi ke iya faɗin abin da ya yi hasara a saurare shi.

Sauran batun haraji, wanda shi ne dodon da ake tsorata jama'a da shi. Shin wanda ba shi da rajista ya tsira ne? Ko kusa. Kullum wasu ƙarti na tsaye kansa da tikiti, yau kuɗin shara, gobe kuɗin tsaro, jibi kuɗin da ba shi da suna, kuma ba ya iya buɗe baki domin ya san ƙafarsa ba ta kan doka. Alhali Tsarin Mulki ya ɗora kula da kasuwanni da tashoshin mota da mayanka da shaguna a kan Ƙananan Hukumomi, kuma tun 1998 aka yi dokar da ta jera harajin da kowane matakin gwamnati zai karɓa, ta hana tare hanya don karɓar haraji. Dokar kuɗi ta 2019 ta yafe wa kamfanin da cinikinsa na shekara bai wuce Naira miliyan 25 ba harajin kamfanoni, sabbin dokokin haraji na 2025 kuma suka ɗaga wannan iyaka. Mai takarda yana iya tambayar mai tikiti, wace hukuma ce ta aiko ka, ina rasit ɗinta? Marar takarda sai dai ya zura hannu aljihu.

A nan ya kamata a tambayi shugabannin kasuwanni da ƙungiyoyin 'yan Arewa, wane amfani aka yi da kuɗin da ake tarawa kowane mako? Ƙungiyar da ke iya shirya bikin naɗin sarauta, ba za ta kasa ɗaukar lauya guda da zai duba wa 'ya'yanta takardun haya da na rajista ba. A 2018 Jihar Legas ta buɗe kotunan ƙananan basussuka, inda mai bin bashin da bai wuce Naira miliyan 5 ba ke iya shigar da ƙara da kansa ba lauya. Mutum nawa ne a zango aka sanar da su wannan? Shugaban da ya fi son jama'arsa su zauna cikin duhu don kullum su zo masa da kuka da goro, ba ƙaunarsu yake yi ba.

A 2024 an umurci masu sana'ar POS su yi rajista da CAC, sai ga samari suna rige-rige, wasu suka faɗa hannun 'yan damfara masu buga takardun jabu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk mai shago, ko mai tebur, ko mai fataucin dabbobi, ya kamata ya duba akwatinsa tun yau ya ga ko akwai takardar rajista, da rasit na haya, da yarjejeniyar jari, da littafin bashi. Abin da babu a ciki, a nemo shi kafin ranar da za a tambaya. Allah ya sa kunne ya ji, jiki ya tsira.