Rubuta Kod Shi Ne Mafi Ƙanƙantar Aikin Manhaja

Wata fahimta ta yi kaka-gida a zukatan mutanenmu, daga matashin da ya sayi laftof jiya har zuwa daraktan da ke sa hannu a takardar kwangila: wai ƙera manhaja shi ne a zauna gaban kwamfuta a rubuta kod. Wanda ya iya rubutun ya iya aikin, ranar da aka ƙaddamar kuma an gama. Shi ya sa ake tallan "zama injiniyan manhaja cikin wata uku", shi ya sa kuma tun da ƙirƙirarriyar basira ta fara zubo kod cikin daƙiƙu wasu ke cewa sana'ar ta mutu. Wannan fahimta kuskure ce, kuma waɗanda ke biyan kuɗin kuskuren galibi ba su taɓa ganin layin kod ko ɗaya ba.

Fred Brooks, wanda ya jagoranci aikin OS/360 a kamfanin IBM, ya rubuta littafi a 1975 kan abin da ya gani. Rabon lokacin da ya ba da shawara shi ne kashi ɗaya cikin uku ga tsarawa, rabi ga gwaji, rubuta kod kuwa kashi ɗaya cikin shida kacal. Shekara hamsin ke nan, kayan aiki sun sauya ƙwarai, amma nauyin yana nan inda ya ajiye shi.

Aikin yana farawa ne da tambaya, kuma a nan aka fi ha'inci. Wa zai yi amfani da abin? Da wace irin waya? Me zai faru idan netwok ya ɗauke bayan an cire kuɗi amma kafin saƙo ya isa? Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS yana kallon an zare masa kuɗi alhali takarda ta ce ba a yi nasara ba, ya san amsar ba wasa ba ce. Tela ba ya sa almakashi a shadda sai ya auna mai riga, amma mu sai a gina manhajar rajista ba tare da an zauna ko wuni guda kusa da magatakardan da zai cika ta ba. Sakamakon a bayyane yake. Fom ya ƙi karɓar sunan Yar'adua saboda alamar da ke tsakiyarsa. Ƙ da ɗ da ɓ su koma akwatuna ko alamar tambaya. A tilasta wa dattijuwar da ba ta san ranar haihuwarta ba sai ta faɗi rana da wata, ma'aikaci ya gaji ya rubuta mata 1 ga Janairu. Kod ɗin lafiyarsa ƙalau, yana yin daidai abin da aka ce ya yi. Abin da aka ce ɗin ne bai dace da mutanen ba.

Kada a ɗauka wannan ciwon ƙananan ma'aikata ne. Ranar 4 ga Yunin 1996 rokar Turai Ariane 5 ta tarwatse ƙasa da minti ɗaya bayan tashinta daga Kourou. An ɗauko manhajar da ta yi aiki lami lafiya a Ariane 4 aka ɗora mata, ba a sake tambaya ko zaton da aka gina ta a kai yana nan ba. Sabuwar rokar ta fi gudu, wani adadi ya yi girman da bai shiga gurbin da aka tanadar masa ba, kwamfutar da ke lura da alkibla ta tsaya, ta ajiya ma ta tsaya saboda kod ɗinsu ɗaya ne.

Sai gwaji, wanda shi ne ake fara yankewa idan wa'adi ya matso. Shafin inshorar lafiya na gwamnatin Amurka, HealthCare.gov, ya buɗe ranar 1 ga Oktoban 2013, kuma mutum shida ne suka iya kammala rajista a ranar farko. Kamfanoni da yawa sun rubuta sassansu, amma ba a haɗa su an gwada daga farko zuwa ƙarshe ba sai ana saura kimanin mako biyu.

Ko an gwada, ɗora manhaja a kan na'urorin da za ta yi aiki a kansu, wato saba, wani fanni ne mai zaman kansa. A Agustan 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital ya sa sabon kod a saba bakwai cikin takwas, ta takwas ta ci gaba da tsohon. Cikin minti 45 ya yi asarar kusan dala miliyan 440. Irin wannan ce ta faru a gida a 2025, lokacin da hukumar JAMB ta amsa cewa wani gyara bai kai ga wasu sabobinta ba, abin da ya taɓa sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas. Shugabanta, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya nemi afuwa, aka sake jarrabawa. Yaran da suka kwana suna kuka a kan makin da ba nasu ba, ba rashin masu iya kod ne ya cuce su ba. Wani mataki ne na duba aiki aka tsallake.

Mafi muni shi ne ɗaukar ranar ƙaddamarwa a matsayin ƙarshe. Hukumar gidan waya ta Birtaniya ta fara amfani da manhajar Horizon ta kamfanin Fujitsu a 1999. Manhajar tana nuna giɓin kuɗin da babu shi, masu riƙe da ƙananan gidajen waya suna kira suna kokawa, ana ce musu na'ura ba ta kuskure. An gurfanar da sama da mutum 900 zuwa 2015, wasu sun yi zaman kurkuku, wasu sun rasa gida da mutunci, wasu sun mutu kafin a wanke su. Sai a 2019 kotu ta tabbatar da kurakuran. Kowace manhaja tana da kurakurai, wannan ba abin mamaki ba ne. Laifin shi ne ba a saurari ƙorafin an bi sawunsa yadda ya kamata ba.

Za a ce min dole a fara daga wani wuri, kuma koya wa matasa kod alheri ne. Haka ne, ina kuma maraba da shirye-shirye irin 3MTT da gwamnatin tarayya ta fara a 2023. Amma idan aka yaye yaro ya iya rubutu bai iya zama da mai shago ya fahimci littafin bashinsa ba, bai iya rubuta gwaji ba, bai taɓa karanta kod ɗin wani ya gyara ba, to an koya masa ɓangaren da na'ura ta fi saurin karɓewa ne. Ƙirƙirarriyar basira ta rage kuɗin rubutu, gaskiya ne. Hakan na nufin kod zai yi yawa, kuma buƙatar mai dubawa da mai ɗaukar alhaki za ta ƙaru.

Don haka ina kira ga duk hukuma ko ɗan kasuwar da zai ba da aikin manhaja: kada a biya kuɗin ƙarshe ranar yanke ƙyalle. A rubuta a kwangila wa zai gwada, da waɗanne wayoyi, a wane gari. A rubuta yadda za a koma tsohon tsari idan sabon ya ƙi. A ware kuɗin kulawa na shekaru, a karɓi kod ɗin da bayanansa a hannu domin kada tafiyar mutum ɗaya ta kashe aikin, a kuma sa lambar wayar da mai ƙorafi zai kira ya samu mutumin da ke da ikon gyarawa.