Idan Yaronki Ya Zama Kyaftin Ɗin Jirgin Ƙarƙashin Teku A Kan Tabarma

Wannan makon za mu ɗan ajiye zancen riga-kafi da zazzaɓi, mu duba wani wasa da samari 'yan sakandare kan gani a intanet su nace sai an saya musu, ko kuma su buga takardunsa a shagon kwamfuta su kawo gida. Wasan yaƙi ne da ake yi da taswira da kwali da ɗan ludo, babu waya babu caji. Mai wasan shi ne kyaftin ɗin jirgin yaƙi na ƙarƙashin teku a zamanin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda kakanninmu ke kira yaƙin Hitila.

Na san abin da zai fara zo miki a rai: wasan kashe-kashe kuma a cikin gidana? Shawarata ita ce ki bar shi ya yi, amma ki ja tabarma ki zauna kusa. Wasan yana koyar da abubuwa masu kyau, yana kuma ɓoye wani abu guda mai nauyi, wanda sai ke ce za ki fito da shi fili.

Yadda ake yin sa

Ɗaya daga cikin fitattun irin waɗannan wasanni shi ne The Hunters, wanda Gregory M. Smith ya tsara, ya fito a 2013. Mutum ɗaya ne ke buga shi. Ana ba shi jirgin Jamus guda da ma'aikatansa, ya fara daga 1939, burinsa ya kai tsakiyar 1943 da ransa. Kowace fita sintiri tana da gidaje a jere a kan taswira, kamar gidajen dara. A kowane gida sai ya jefa 'yan ludo biyu ya duba jadawali: ko teku fayau babu kowa, ko jirgin kaya shi kaɗai, ko ayarin jirage da masu rakiya, ko kuma jirgin sama ya faɗo masa.

In ya ga abin hari, sai shawara ta koma hannunsa. Ya matsa kusa, inda harbi ya fi samu amma an fi saurin gano shi? Ko ya harba daga nesa? Ya jira dare? Makamin da ake harbawa cikin ruwa, wato tofido, guda nawa zai saki, nawa zai rage? Bayan ya harba kuma sai jiragen rakiya su shiga nemansa, suna sako masa bama-bamai daga sama. Inji ya lalace, mai ya tsiyaye, wani ya ji rauni. In ya samu ya koma gida, gyara ya ci wata ɗaya ko fiye, sannan a sake fita. Duk abin da ya faru ana rubutawa a takarda, wata bayan wata. In jirgin ya nitse, shi ke nan, labarin wannan kyaftin ya ƙare. Babu maɓallin da za a danna a tashe shi.

Abin da yaro ke koya

Na farko haƙuri. Sau da yawa zai jefa ɗan ludo gida bayan gida bai haɗu da komai ba. Yaron da ya saba da wasan waya, inda kowane daƙiƙa wani abu ke fashewa, da fari zai yi ta tsaki. In ya daure, zai gane cewa haka aikin yake a zahiri. Mu da muke aikin dare a asibiti mun san wannan: awa biyar shiru, sannan minti goma da komai zai rikice lokaci guda, kuma abin da ka shirya a lokacin shirun shi ke cetonka.

Na biyu tattali. Jirgin Jamus da aka fi ƙerawa, samfurin VIIC, tofido 14 kawai yake ɗauka. Wanda ya zubar da huɗu a kan ƙaramin jirgi zai yi cizon yatsa in babbar tankar mai ta ɓullo. Uwar da ta taɓa lissafin yadda mudun shinkafa zai kai ƙarshen wata ba ta buƙatar a yi mata bayanin wannan darasi, amma ɗanta yana buƙata.

Na uku, cewa mutum kan yi komai daidai abu ya ƙi. A wasan, tofido kan samu jirgi ya ƙi tashi. Wannan ba ƙirƙira ba ce: a farkon yaƙin, musamman a gaɓar Norway a 1940, makaman Jamus da yawa sun ƙi fashewa saboda matsalar ƙira. Yaro zai koyi ya haɗiye takaici ya sake lissafi. Sannan ga lissafin kansa: da 'yan ludo biyu, bakwai ta fi kowace lamba yawan fitowa, biyu da sha biyu kuwa ba safai ba. Wanda ya gane haka da hannunsa, darasin da malamin lissafi ke fama da shi a allo ya zauna masa.

Na buga zango ɗaya da ɗan yayata mai shekara 15. A fitarsa ta huɗu jirgin sama ya raunata likitan jirgin da wani ma'aikaci, ga tofido shida da suka rage, ga ayari a gaba. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya ce, "Anti, in na ci gaba wannan mutumin zai iya mutuwa." Ya juya gida. Ban ce masa komai ba, amma na ji daɗin cewa ya ga mutum a cikin ɗan kwalin.

Rayuwar da ke bayan kwalin

A matsayina na ma'aikaciyar jinya, abin da ya fi tsaya min a rai shi ne yadda mutanen suka rayu. Jirgin tsawonsa kusan mita 67, amma yawancinsa inji ne da batir da makamai. Mutum 44 zuwa 52 ke cushe a ciki, makonni ba wanka, ba aski, ruwan sha a ƙididdige. Gado ɗaya mutum biyu ke karɓa-karɓa, wannan ya tashi wancan ya kwanta. Ban-ɗaki biyu ne, ɗaya kuma akan cika shi da abinci a farkon tafiya. Danshi ya sa burodi ya yi funfuna, fata ta yi ƙuraje. In suka daɗe a nitse iskar ciki ta gurɓace, ciwon kai da kasala su kama kowa.

Kuma jirgin ba kifi ba ne. A saman ruwa yana gudun kusan kilomita 31 a awa, a ƙasa bai fi 14 ba, batirin ma ba ya jure wannan gudun. Saboda haka yawancin lokaci a sama yake, sai an ga haɗari ya nitse.

Jamusawa kusan 40,000 ne suka yi aiki a waɗannan jirage. Kimanin uku cikin kowane huɗu ba su dawo ba, yawancinsu kuma samari ne 'yan shekara ashirin da kaɗan. A watan Mayu 1943 kaɗai Jamus ta rasa jirage 41, har da wanda ɗan kwamandansu Karl Dönitz yake ciki. Shi ya sa wasan ke ƙara tsanani yayin da watanni ke tafiya, kyaftin da yawa ba sa kai ƙarshe. Yaron da ya fara da ɗokin zama gwarzo yakan gama da sanin cewa wannan aiki kabari ne.

Abin da wasan ya ɓoye

A takardar wasan, jirgin da aka nutsar suna ne da lamba: tan dubu kaza. Da yawan tan ake auna nasara, da shi ake samun lambar yabo. Sunayen kuma na jiragen gaske ne. Babu gidan da aka ware don rubuta mutanen da ke ciki.

A yaƙin tekun Atlantika an nutsar da jiragen kaya kusan 3,500. Ma'aikatan jiragen kasuwancin Birtaniya sama da 30,000 suka mutu, farar hula, masu dafa abinci da masu zuba gawayi a inji, cikinsu har da 'yan Afirka ta Yamma da Indiya. Ranar 17 ga Satumba 1940, jirgin Jamus ya harbi wani jirgin fasinja mai suna City of Benares, wanda ya taso daga Liverpool zai je Kanada. A cikinsa akwai yara 90 da gwamnati ke kwashewa don a nisanta su da ruwan bama-bamai. Yara 77 daga cikinsu suka rasu, wasu a cikin ruwa, wasu sanyi ya kashe su a ƙananan kwale-kwale. Iyayensu sun sa su a jirgin ne don su tsira.

Kada kuma mu ɗauka labarin na can nesa ne. Gyaɗar da aka noma a ƙasar Hausa, ta bi jirgin ƙasa daga Kano zuwa Legas, a irin waɗannan jirage aka loda ta. Tashar Freetown a Saliyo ita ce matattarar da ayarin jirage ke haɗuwa kafin su nufi Ingila, kuma jiragen Jamus sun yi farauta a gaɓar Afirka ta Yamma. Sojojinmu da aka kai yaƙin Bama a 1943 da 1944, waɗanda da yawansu Hausa suke ji, ta teku suka tafi, a lokacin da ba wanda ya san abin da ke ƙarƙashin ruwa. Wata cikinmu kakanta na cikinsu.

To, ga aikinki. Duk lokacin da ya ce ya nutsar da jirgi, ki tambaye shi: su waye a ciki? Me suka ɗauko? Ku nemi sunan jirgin tare a wayarki. Ki kuma tabbata ya san wa waɗannan jirage suka yi wa aiki: gwamnatin Hitila, wadda ta hallaka miliyoyin mutane saboda jinsinsu, wadda kuma ba ta ɗauki baƙar fata cikakken mutum ba. Mutum zai iya nazarin dabarar ɗan fashi ba tare da ya so shi ba. In kika ga yaro ya fara zana alamarsu a littafi ko yana yabon shugabansu, a nan ne za ki tsaya ku yi magana mai tsawo.

Kada a bar 'yan mata a baya

In 'yarki ta ce ita ma za ta buga, wani ya ce ba na mata ba ne, ki ba shi wannan labari. A 1942 rundunar ruwan Birtaniya ta buɗe wani sashe a Liverpool ƙarƙashin Gilbert Roberts, jami'in da tarin fuka ya taɓa fitarwa daga aiki. Ma'aikatansa 'yan mata ne na rundunar, wasu ba su kai shekara 20 ba. Kayan aikinsu alli da zare da ƙananan jiragen katako a daɓen ɗaki. Kyaftin-kyaftin na gaske sukan tsaya bayan labule, suna leƙe ta 'yar kafa don su ga iyakar abin da za su iya gani a teku, a ba su minti biyu su yanke shawara.

Da wannan wasa suka gano cewa jiragen Jamus kan kutsa tsakiyar ayari da dare a saman ruwa, su yi harbi, su nitse, su bar ayarin ya wuce ta kansu. Sai suka tsara yadda masu rakiya za su juya su tsefe bayan ayarin. Jean Laidlaw ce ta raɗa wa dabarar suna Raspberry. Wata kuma, Janet Okell, ta kayar da babban kwamandan yankin, Max Horton, a wasan, alhali shi tsohon gwanin jirgin ƙarƙashin teku ne tun Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kafin yaƙin ya ƙare jami'ai kusan 5,000 sun bi ta hannunsu.

Wannan ɓangaren ma ana iya buga shi a gida ba tare da an sayi komai ba. Ki zana gidaje a bayan kwali. Murafun kwalba goma su zama ayari, wake huɗu masu rakiya. Yaro ɗaya ya riƙe jirgin ƙarƙashin teku, yana rubuta inda yake a ɓoye a takarda, sauran su yi ƙoƙarin ƙetarar da ayarin. A ƙarshe a ƙirga waɗanda suka isa lafiya. Sai ki sa su yi musanya, kowa ya ɗanɗana tsoron ɗaya ɓangaren.

Sharuɗɗa kaɗan

A ganina The Hunters da irinsa sai ɗan shekara 13 zuwa sama, saboda yawan jadawali da Turanci da nauyin labarin. Kada a sa ko sisi a kai, ko da wasa. In gidanku ba a yarda da jefa ɗan ludo ba, a rubuta 1 zuwa 6 a 'yan takardu a zuba a kofi a riƙa zara, aikin ɗaya ne. A sa lokaci: fita sintiri ɗaya ko biyu, a rubuta, a naɗe sai gobe. Wasan da kansa yana da wurin tsayawa, abin da wasannin waya da yawa ba su da shi. A kuma kawar da ƙananan kwalayen da waken daga inda mai rarrafe zai kai hannu, don abin da ya shige hanci ko maƙogwaro mu ake kawo wa da tsakar dare.

Wadda kakanta ko wani dattijo a danginsu ya je Bama, ina roƙon ta rubuto mana abin da ta ji daga bakinsa game da tafiyar teku. Yaranmu sun fi buƙatar wannan fiye da kowane jadawali. Sai mako mai zuwa, Allah ya raya mana su.