Daga Rumfar Malam Atta: Shin Koko Zai Yi a Ƙasar Sanyi?

Wannan makon zancen koko za mu yi. Ba kokon da muke sha da ƙosai a Nima da sassafe ba, a'a, kokon da ake yin cakulan da shi. Yaranmu da ke Bronx da Hamburg da Landan sun yawaita tambaya: in an aika musu da iri, zai tsiro a can?

Amsa a taƙaice: zai tsiro, amma sai an yi masa hidima irin ta jariri.

Koko ɗan kurmi ne. Asalinsa daga dazukan Kudancin Amurka yake, nan ma baƙo ne. Tetteh Quarshie ya zo da irinsa daga tsibirin Fernando Po, ya shuka a Mampong ta Akuapem a 1879. Ya karɓu ne saboda ya tarar da abin da ya saba: ɗumi, ruwan sama mai yawa, iska mai laima da inuwar manyan itatuwa. Yana son zafi tsakanin digiri 18 zuwa 32. In sanyi ya sauka ƙasa da digiri 10, ya fara jin jiki. In ƙanƙara ta taɓa shi, shi ke nan. Ko a Tamale ba a nomansa, balle Jamus.

Duk da haka akwai koko a Ingila. Tun 1985 Jami'ar Reading ke riƙe da wata cibiya mai iri kusan 400, a cikin rumfunan da ake ɗumamawa dare da rana. Ba don sayarwa suke yi ba. In wata ƙasa tana son iri daga wata, sai a kai shi can ya yi kamar shekara biyu ana duba shi, a tabbatar ba ya ɗauke da cuta, sannan a tura. Sanyin ƙasar shi ne mai gadi: duk ƙwaron da ya kuɓuce waje ba zai rayu ba, kuma babu gonar koko kusa da zai faɗa wa.

Kada a ɗauki wannan wasa. A 1989 wata cutar koko ta shiga jihar Bahia ta Burazil, ta durƙusar da manoma masu yawa. Mu ma nan tun 1936 aka gano cutar kumburin reshe, har yau ana sare itatuwa saboda ita. Ghana da Kodebuwa su ke fitar da fiye da rabin kokon duniya. Ranar da kakar koko ta lalace, mu 'yan kasuwa ne ke fara gani, don manomi ba shi da kuɗin atamfa, ba shi da na shinkafa. Saboda haka safarar iri a jaka, zuwa ko dawowa, ba ƙaramin abu ba ne.

Ga kuma doka. Tun Disambar 2019, shiga ƙasashen Tarayyar Turai da tsiro ko ɗanyen 'ya'yan itace sai da takardar lafiyar shuka, ban da 'yan kaɗan kamar abarba, ayaba, kwakwa da dabino. Amurka ma dole ka bayyana abin da ka ɗauko. In ka ɓoye aka gani, a ƙwace, a ci ka tara. Don Allah, Hajiya, kada ki cusa wa ɗanki ƙwallon koko cikin garin rogo, ki jawo masa magana a filin jirgi.

To mai sha'awa ya zai yi? Ya sayi dashe a can, wurin masu sayar da shuke-shuke. In iri ya samu, ya shuka nan da nan, domin ƙwayar koko in ta bushe ta mutu. Ya sa a tukunya mai huji a ƙasa, kusa da taga, ba cikin rana tsaka ba. Babban abokin gaba shi ne na'urar ɗumama ɗaki, tana busar da iska kamar hunturu, sai ganye ya ƙone daga baki. A riƙa fesa masa ruwa, a nisanta shi da ita. Sai ya shekara uku zuwa biyar kafin fure ya fito a jikin kututture. A gona wasu 'yan mitsi-mitsin ƙudaje ke haɗa furen. A ɗaki babu su, sai mutum ya yi da hannunsa.

Ni dai shawarata, a fara da mai sauƙi: lemun tsami a tukunya, ko kan abarba, ko citta. Kakanninmu sun yi ta ɗaukar goro daga Salaga zuwa Kano, suna lulluɓe shi da ɗanyen ganye, suna yayyafa ruwa, amma 'ya'yan suka yi fatauci, itacen suka bar shi a kurminsa. Mai son gonar koko ta gaske, ya turo kuɗi a nema masa fili a nan gida, da takardu sahihai. Na tukunya kuwa, a bar wa jikoki su ga abin da ƙasar iyayensu ke ci da shi.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake adana goro a ƙasar sanyi. Allah ya ba da kasuwa.