Ganuwar Mdina da ƙofar Babiliyas

In Ubangiji ya buɗe wa waninmu hanyar zuwa Malta, ya daure ya hau tudu ya ga Mdina, wanda shi ne babban birnin tsibirin har zuwa 1530. Ganuwa ta kewaye shi, lungunansa matsattsu, motoci kaɗan ake bari su shiga, shi ya sa ake ce masa birnin shiru. Kiristocin can ma "Alla" suke kira in suna addu'a, kusan kamar mu.

Amma a ganinmu ganuwar ba ita ce abin kallo ba. A cikin birnin akwai babbar majami'ar Bulus, wadda aka sāke ginawa bayan girgizar ƙasa ta 1693, kuma mutanen wurin sun gāji labarin cewa a kan gidan Babiliyas take. Mu buɗe ƙarshen Ayyukan Manzanni. Mutum 276 ne suka tsira daga jirgin da ya farfashe, jiƙe sharkaf, har da fursunoni. Mutanen tsibirin ba su san Yesu ba tukuna, amma suka hura musu wuta. Babiliyas, shugabansu, ya sauki su Bulus kwana uku, alhali mahaifinsa na kwance da zazzaɓi da atini. Da ya ce gida ba hali, ba mai ganin laifinsa.

A tekun nan ne har yau matasanmu da suka bi ta Agadas da Libiya suke nutsewa. Nan kusa kuma, waɗanda rikici ya koro daga ƙauyukansu suna zama a bencin baya na majami'unmu. Ran Lahadin nan, wa zai kai su gidansa cin abinci?